Faifai Shida da Tayin da Na Ƙi Amsawa

Abu na farko da Khartum ta karɓe daga hannuna shi ne fasfo. Ustaz Mu'utasim, ɗan kwangilar da ya ɗauko ni aiki daga Kano, ya tarye ni a filin jirgi da fara'a da ƙamshin turare, ya ce doka ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda, in kawo ya sa a yi mini. Na miƙa masa har da godiya. Otal ɗin da aka rubuta mini a wasiƙa kuwa, kafin mu isa ya rikiɗe ya zama ɗaki a saman shagon fulawa a Kalakla, da gadon igiya da fanka mai fuka-fuki biyu. Ya ce na kwana biyu ne kawai. A ɗakin nan na yi kwana talatin da huɗu.

Zamanin soja ne, a shekarun da aka fara ba mutane lambar ɗan ƙasa. Ni Nasiru, mutumin Funtuwa, na zo da takardun shaida uku a jaka, kaina kuma ya fi jakar nauyi. Wata ƙaramar ma'aikata ce kusa da bakin kogi, mai adana takardun tsofaffin leburorin gonakin auduga na Jazira, ta sayi sabuwar na'urar ajiyar bayanai. Saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar, masu ƙera na'urar ba sa zuwa, ba sa amsa waya, ko shafinsu ba ya buɗuwa. Shi ya sa aka nemo irina.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Na'urar akwatin ƙarfe ce mai gurbi goma sha biyu, kowane gurbi da faifansa. Ni zan gaya wa ƙwaƙwalwar akwatin, wadda muke kira kwanturola, yadda za ta haɗa faifan nan su zama kamar guda ɗaya a idon kwamfuta. Wannan shi ne faifan haɗaka. Kowace takarda yanyanka ta ake yi a rarraba a kan faifan bi da bi, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya haɗo abin da ya ɗauka. Wane faifai ne na farko, wane ne na biyu, mene ne girman kowane yanki, duk kwanturola tana rubuta su a wani ɗan lungu a jikin faifan. Ni taswira nake kiran wannan rubutun. In babu ita, takardun suna nan amma ba mai iya karanta su.

Makon farko ya tafi a ɗaure waya da jiran kaya. Kullum da sassafe nakan shiga bas daga Kalakla, in yi ta kallon Farin Nilu ta taga. Sau biyu ana wuce tashata da ni kafin in gane cewa ƙyasta yatsu ake yi in za a sauka. Larabcina na makarantar Islamiyya ne, in na tambayi hanya sai mutum ya saurare ni da ladabi kamar ina huɗuba, sannan ya juya ya yi dariya. Zafin garin kuwa, ni da nake taƙama da ranar Katsina, sai da na ba ta haƙuri. Na yi kewar matata Hauwa'u, na yi kewar miyar kukarta, har wadda nake cewa gishiri ya yi yawa.

A ma'aikatar akwai wata al'ada. Da ƙarfe sha ɗaya na safe kowa zai ajiye abin da yake yi, daga akawu har direba, a taru a inuwar bishiyar dalbejiya a tsakar gida. A kawo ƙaton faranti na ful, wato dafaffen wake da man riɗi da albasa, a gutsuttsura burodi, a sa hannu gaba ɗaya. Fatur suke kiransa. Duk lokacin da na gifta sai an ɗago an ce, "Itfaddal, ya bashmuhandis," wato bisimilla, injiniya. Ni kuma in dafa ƙirji in ce alhamdu lillahi, a ci lafiya, in wuce. Haka uwata ta rene ni. A gidanmu baƙon da aka yi wa tayi ya zauna ya naɗe hannun riga tun ranar farko, sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Saboda haka nakan koma ɗakin na'ura in ci biskit da ruwa, ina ganin na nuna musu tarbiyya.

Na lura dai in na shigo ofis hira takan mutu. Na ɗauka kwarjinin ilimi ne.

Ranar Laraba ta mako na biyu Mu'utasim ya iso da faifan. Shida sababbi a ledarsu, shida a cikin tsohon kwalin sabulu, kowanne da ɗigon jan fenti a gefensa. Ya ce na kwalin ma babu komai a cikinsu, in haɗa duka sha biyun su zama faifan haɗaka guda, shugaban ma'aikata, wani kanar mai ritaya, zai buɗe aikin ranar Lahadi, ni kuma Litinin in hau jirgi.

Da safiyar Alhamis na zura su. Kwanturola ta ce ta ga baƙuwar taswira a jikin tsofaffin shidan, ta ba ni zaɓi biyu, in karɓe ta ko in goge. Na gwada karɓa, ta ƙi, don tsohuwar na'urar da ta rubuta taswirar ba zamaninsu ɗaya ba. Na kira Mu'utasim. Ya ce, "Goge kawai, ya akhi. Shara ce." Raina bai kwanta ba, amma hankalina yana kan jirgin Litinin. Na goge. Saura in haɗa sabon faifai in bar na'ura ta wanke shi tas, sai aka ɗauke wuta. Na kashe komai a tsanake, na fito waje da nufin in dawo in ƙarasa.

Ban kai inuwa ba jiri ya kwashe ni. Kwana goma na biskit ya tashi neman hakkinsa. Na durƙushe kusa da ɗakin janareta, na ji bakina ya ce, "Wash, Inna, na mutu."

Wani ya tallabo ni. Dattijo ne baƙi, siriri, mai kula da wuta da janaretan ma'aikatar, wanda kowa ke kira Amm Abakar. Kullum muna gaisawa da Larabci. Ya waiga hagu da dama, sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, "Sannu, ɗana. Ba ka mutu ba, yunwa ce. Wane gari ne naku a Yamma?"

Kwana goma ban ji Hausa ba sai a waya. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Ya ja ni har gaban farantin, ya danna mini burodi a hannu. Wannan karon ban dafa ƙirji ba. Da na yi loma biyar sai na ga fuskoki sun saki, direba ya turo mini gefen da ya fi mai. Bayan an watse na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa yi mini Hausa ba?"

Ya ce, "A maktab, wurin aiki, ba na yi. Kuma kai ma ba mu san ko wane ne kai ba. Mutumin Kanar ya kawo ka, ba ka cin faturinmu, kana wucewa kana kallonmu. A nan wanda ba ya sa hannu a kwano, ko dai yana ƙyamar mutane, ko kuma ɗan amni ne mai kai rahoto. Wa zai gaya maka magana?"

Kunya ta rufe ni. Tarbiyyar da nake tinƙaho da ita ashe rigar ɗan leƙen asiri ta sa mini.

Sai ya ce, tunda yanzu na ci, yana da tambaya. Faifan nan na kwalin sabulu, yaushe zan buɗe su? Na ce ai babu komai a ciki. Ya dube ni kamar na ce babu ruwa a Nilu. Ya ce shekaru huɗu da suka wuce shi da kansa ya yi ta ɗauko akwatunan katin leburori daga ɗakin ajiya, injiniyan wancan lokaci, Muhandis Usman, yana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a faifan. Damina ta gaba ruwa ya shiga ɗakin ajiyar, abin da ruwa ya bari gara ta cinye. Aka sallami Usman, tsohuwar na'ura ta mutu, faifan suka koma kwali.

"Katin ubana yana ciki," in ji shi. "Da ƙafa ya fito daga ƙasar Gumel zai je Makka, guzuri ya ƙare a Jazira, ya tsaya noman auduga. Ni a nan aka haife ni. Amma 'yata Ikhlas ta ci shahada, jarrabawar gama sakandare, da kyau, jami'a ta ce sai da lambar ɗan ƙasa, masu lamba sun ce sai da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, masu jinsiyya sun ce ta kawo shaidar kakanta yana ƙasar nan tun kafin Turawa su tafi. Mu Fallata, 'yan asalin Yamma, haka ake yi mana. Shaida ɗaya muke da ita, katin nan. Wata ɗaya ya rage a rufe rajista."

Na yi tunanin in yi shiru, wa zai sani? Amma hannuna yana ƙamshin man riɗinsu. Na ce, "Baba, ɗazu da safe na goge taswirar faifan. Takardun suna nan, amma yadda za a jera su ya tafi. Da ba a ɗauke wuta ba, da yanzu na wanke su gaba ɗaya."

Na shirya wa zagi, na san na cancanta. Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya miƙo mini, ya ce, "Malesh, ba komai. Ba ka sani ba, mu ma ba mu faɗa ba. Wanda ya jera su da farko yana da rai. Asabar za mu Umdurman."

Ranar Asabar muka haɗu a tashar tsakiyar gari, muka haye gada zuwa Umdurman. Baba Abakar ya bi da ni ta layin masu tukwane, ta layin masu turare, ta wani lungu da mata ke sayar da ƙuli-ƙuli da tsire irin namu suna ciniki da Larabci, suna gulma da Hausa. A ƙarshen lungun akwai rumfa mai faɗin tabarma ɗaya. Mutumin da ke ciki, mai furfura da tabarau ɗaure da zare, yana gyaran rediyo. Shi ne Muhandis Usman, wanda ya yi karatu a ƙasashe biyu, aka sallame shi da wasiƙa mai layi biyu ba tare da an faɗi laifinsa ba.

Da ya ji daga tsohuwar ma'aikatarsa nake sai fuskarsa ta rufe. Ya ce shi rediyo ya sani. Baba Abakar ya ce masa da Larabci, "Ya ci da mu." Usman ya dube ni ta saman tabarau, ya ture rediyon, ya aika a kawo kofi.

Na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce littafin da ya rubuta saitin a ciki an ƙwace shi ranar da aka kore shi, amma dama bai taɓa yarda da littafi ba. "Ka ga jan ɗigo a gefen faifan? Jan farcen matata ne. Ɗigo ɗaya gurbin farko, ɗigo shida gurbin ƙarshe. Tsarin RAID biyar ne. Girman yanki kuma ɗari da ashirin da takwas na sa, ba sittin da huɗun da na'ura ke zaɓa da kanta ba, saboda hotuna ne manya. Ka sake haɗa faifan daidai da haka. Za ta tambaye ka ko ta wanke shi, kuma ka kula, amsar da ta riga ta cika maka ita ce e. Ka cire. In ka bari ta fara, ko minti ɗaya ne, kada ka dawo nan."

Sai na tuna ranar Laraba har na ɗauko tsumma zan goge jan ɗigon, ina cewa ƙazantar masu ajiya ce. Kiran sallar azahar ne ya katse ni.

Da za mu tafi Usman ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara biyu na yi ina ɗaukar hotunan nan. Ba wanda ya taɓa buɗe su." Ya ƙi yarda in biya kofin.

Lahadi da hantsi na jera faifan bisa ɗigonsu, na ƙirga sau uku. Na zaɓi tsarin, na sa girman yankin, na kashe duk wani aikin da kwanturola ke yi da kanta a bayan fage. Tambayar wankewa ta fito da amsarta a cike, kamar yadda Usman ya faɗa. Na cire alamar, na yi bisimilla, na danna. Na buɗe faifan ta hanyar karatu kawai, yadda ko da kuskure ba za a rubuta komai a kansa ba. Na'ura ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai jakunkuna suka jeru a allo, kowace da sunan shiyyar gona. Na buɗe hoto ɗaya, ya fito cikakke, ba yagewa. Na kifa kaina a kan tebur.

Saura kwashewa zuwa sababbin faifan shida, don tsofaffin ba abin dogaro ba ne. Nan ma akwai zaɓi. Batirin kwanturola ya zo a mace. Ana iya tilasta mata ta riƙa tara rubutu a ƙwaƙwalwarta tana zubawa daga baya, aiki ya yi sauri, amma in wuta ta ɗauke abin da ke hannunta ya zube. Ko kuma ta rubuta komai kai tsaye, a hankali. Na riga na yi sauri sau ɗaya a garin nan. Na zaɓi a hankali, na'ura ta ce kwana uku.

Mu'utasim ya shigo da la'asar ya tarar faifan haɗaka biyu maimakon ɗaya. Turarensa na nan, fara'ar ce ta tafi. Ya ce in ban haɗa sha biyun yau ba, in manta da jirgin gobe, in manta da fasfo. Amma a gaban faranti na riga na ji abin da duk ma'aikatar ta sani, cewa faifai sha biyu sababbi ya rubuta zai kawo, ya kawo shida, yana so tsofaffin su cike gurbi. Na ce, "Ustaz, mu je wurin Kanar tare, in yi masa bayanin jan farcen da ke jikin sababbin faifanka." Ya dube ni, ya fita. An ɗage bikin buɗewa. Jirgin Litinin ya tashi ina jin ƙararsa daga tsakar gida, fasfona kuma ya ƙara kwana goma sha takwas a aljihun mutumin nan, don huce haushi kawai.

A kwana ukun nan Baba Abakar bai bar na'urar ta dogara da wutar gari ba. Ya tayar da janareta, ya kawo tabarmarsa gefensa. Direba ya riƙa kawo mai, ban tambayi daga ina ba. Matar Baba ta aiko mini tuwon dawa da miyar kuka daga Umdurman a kwanon sha, na ci ina share ido, na ce yaji ne.

Ranar Laraba aka gama. Baba ya zo da Ikhlas, doguwar yarinya mai tabarau, Hausarta rabi Larabci. Ita ta zauna kusa da ni tana karanta sunaye, don rubutun hannun tsofaffin akawu ya fi ƙarfina. Mun buɗe kati ya fi ɗari biyu a shiyyar da Baba ya ambata. Can ta dafa tebur ta ce, "Yaba, ga shi. Garba Muhammad, daga Kukar Baƙo." Shekarar da ke jiki ta girmi 'yancin ƙasar. Babu hoto a katin, sai dangwalen babban yatsa da baƙin tawada.

Baba ya ce in ƙara masa girma. Na ƙara har yatsan ya cika allon. Wani farin layi ya ratsa zanen daga gefe zuwa gefe. Na fara cewa wataƙila karce ne a jikin takardar, sai ya girgiza kai.

"Lauje ne," in ji shi. "Ranar yankan dawa. Ni na riƙe masa tsumman."

Ya goge babban yatsansa a jikin jallabiya, ya ɗora a kan na ubansa. Da ni da Ikhlas ba wanda ya yi motsi. Ni da nake hana mutane taɓa mini allo.

Aka buga katin, Kanar ya sa hannu da hatimi ba tare da ya san tarihin da ke bayansa ba. Sauran kwanakina na jiran fasfo na yi su ne a gindin dalbejiya, ƙarfe sha ɗaya ba a kira na sau biyu. Har direba ya fara cewa a riƙa kawo faranti biyu, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na Najeriya. Mutanen nan ba su san ni ba, na kusa hallaka musu abin da ba ya dawowa, suka ciyar da ni, suka rufa mini asiri. Har gobe ina gode musu.

Ana gobe zan tafi Ikhlas ta karɓo takardar jinsiyyarta, saura kwana tara a rufe rajistar jami'a. Baba ya raka ni har bakin filin jirgi. Ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun gaba, kwafin katin ne. Ya ce, "Ɗana, ubana ya fito da niyyar ya je Makka ya koma. Makka bai kai ba, gida bai koma ba. Kai ka kai mini ko yatsan."

Wata biyu bayan dawowata na nemi Kukar Baƙo, na same ta a ƙarshen wata hanyar burji a ƙasar Gumel. Limamin garin ya tara tsofaffi, na karanta musu sunan. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta ce a miƙo mata takardar. Ta shafa ta da tafin hannu, ta ce tun tana yarinya kakarta ke ajiye kwano ɗaya a rufe duk ranar Sallah, wai na Garba ne da ya tafi Gabas. Sannan ta juyo wajena ta ce, "Yaro, ka ci abinci kuwa?"

Na ce, "Ban ci ba, Iya." Na zauna.